Kular Kifin Maman 'Yan Biyu

"Ka riƙe ta da kyau, kada ka jijjiga min ita yadda kake jijjiga fasinja," in ji Maman 'Yan Biyu, tana miƙo min kular ƙanƙarar da take adana kifinta ta tagar tasi.

"Haba Yaya, ban taɓa zubar da mutum ba, sai kula?"

Mijinta, wanda duk layinmu ke kira Injiniya saboda gyaran rediyo, yana gaba ya jingina kai da kujera. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, in ya yi tari ina ji, kuma a 'yan watannin nan tarin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Likita ya ce ciwon daji ne a huhu. An yanko ɗan nama daga ƙarin, bai kai ƙwayar wake ba, aka sa a kwalba aka ce su kai ɗakin gwaji a ƙarshen gari, don asibitin ba su da na'urar. Hutun ƙarshen mako ya riske su, kwalbar ta kwana a gida.

A hanya yake min bayani, yana tsayawa ya ja numfashi. Wai wani ƙarin yana ɗauke da alamar da ke sa sojojin jiki barci. In an ga alamar a nasa, akwai allurar da ke tashinsu su yi yaƙi. In babu, ba za a wahalar da shi a banza ba.

"Kamar rediyo ne," ya ce. "Sai an san tasha kafin a ƙara murya."

A ɗakin gwaji wata mata mai farar riga ta buɗe kular, ta leƙa ciki. Naman na nannaɗe cikin leda fes, ƙanƙara ta kewaye shi, an jera ta tsaf yadda Yaya ke jera wa kifinta.

"Baba, ina ruwan da ke cikin kwalbar?"

"Uwar yarana ta zubar. Ta buɗe ta ji wari har idonta na hawaye, ta ce ruwan ya lalace. Ta wanke naman, ta sa a sanyi."

"Wannan ruwan mai wari shi ke riƙe naman yadda yake. Yanzu alamar da muke nema ta ɓaci. Ko na gwada, abin da zan faɗa muku ba abin dogaro ba ne. Sai an sake yankowa."

Muka kama hanyar gida har muka yi rabi. Can ya dafa gwiwata.

"Direba, maganar nan ta mutu a motar nan."

"Sai ka koma a sake yanka, shi ke nan."

"In ce mata me? Matar da ke gane kifin jiya daga nesa? Ran da na ce za a sake, ran nan za ta gane."

Raina ya ɓaci, na faɗa masa kai tsaye cewa wannan ba tausayi ba ne, taurin kai ne. Ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi.

Bayan kwanaki ya sa na zagaya da shi gari, muka dawo ya ce mata sakamako ya fito: babu alamar, allurar ba za ta yi masa aiki ba. Ta zauna a bakin ƙofa, ta ɗora hannu a ka. "To, mun dai yi iya ƙoƙarinmu," ta ce. Ni kuwa na sunkuya ina duba tayar da babu abin da ya same ta.

Kullum in zan kai shi asibiti sai mun yi faɗa a kan maganar. Da ƙyar ya yarda, lokacin har wandonsa ba ya zama a ƙugu. Likita ya duba shi ya girgiza kai, ya ce jikin ba zai ɗauki wani yankan ba. Har yau ban sani ba ko allurar za ta yi masa aiki, babu kuma wanda ya sani. Wannan rashin sanin shi ya fi cina.

Ya rasu da la'asar, a kan tabarma kusa da bencinsa, rediyon wani na buɗe ba a ƙarasa gyara ba. Ni na riƙe kansa. Abu na ƙarshe da ya yi shi ne ya dube ni, ya dubi matarsa, ya sake dubana.

Na riƙe amanar har wata safiya, ina wanke mota, matar telan da gidansu ke kallon namu ta zo da kwalba a jaka. An yanko nama daga nonon mahaifiyarta, tana so in kai ta ɗakin gwajin. Kafin in amsa, Maman 'Yan Biyu ta fito da kular nan, fuskarta ta ɗan saki, abin da ban gani ba tun rasuwar.

"Kawo nan, 'yata, ni na san kan abin. Ruwan nan wari yake, zubarwa ake yi."

Ta karɓi kwalbar, ta kama murfin. Na ji kamar Injiniya na dafe da gwiwata. Na ajiye soso, na ɗora jiƙaƙƙen hannuna a kan nata.

"Yaya, bar ruwan. Haka ake kai shi."

"Amma na Baban yara ai..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, ni kuma na kasa kawar da kai. Ta saki kwalbar a hankali, matar tela ta mayar jaka ta shiga mota.

Da na kai kwanar layi na leƙa madubi. Yaya na nan tsaye a tsakiyar layi, kular a buɗe a gabanta, ɗan dunƙulen ƙanƙara na narkewa a tafinta, ruwan na ɗiga a kan silifas ɗin mijinta da ta saka.