Ɗamarar Ajudan

Kwanon ya dawo da nauyinsa. Kaltuma ta ɗaga murfi ta ga tuwon masara ko yatsa ba a sa masa ba, man ja ya kwanta a kan miyar gyaɗa, ga ƙashin bargon da ta zaɓa da hannunta cikin naman da ake kawo wa mijinta daga mayankar Etoudi. Tun rasuwar matar maƙwabcinsu Ajudan Mohaman Bello, ƙaramin hafsan soja, kwanon nan ke tsallaka lungu zuwa ɗakinsa duk sanda yake gari, kuma bai taɓa dawowa ba sai a wanke. A unguwarsu ta Briketeri kuwa, kwanon maƙwabci ba ya dawowa cike sai in da magana.

Shi da kansa ya kawo shi. Yana tsaye a bakin zaure, ya cika ƙofar kamar kullum, wandon soja a ƙasa, jallabiya a sama.

"Ajudan, gishiri ne ya yi yawa, ko mu ne muka yi laifi?"

"Uwargida, da laifi ne da na cinye sannan in zo mu yi shari'a. Likita ne ya shiga tsakanina da miyarki."

Mijinta Gwadabe, mai gasa soya, wato tsire, a bakin titi, yana kan benci yana feƙe tsinke. Ya matsa masa, bencin ya yi ƙara da suka haɗu a kansa. Shekarun ne da yaƙin arewa ya yi zafi, kuma kowa a unguwa ya ɗauka hutu ne ya dawo da Ajudan daga bakin daga a Mora. Ashe ba hutu ba ne. Ya ce suna sintiri ne a gindin dutse, rana tsaka, sai ya ji ƙasa ta juya. Yaransa huɗu suka ɗauke shi suna haki, a wurin da kowane hannu bindiga ya kamata ya riƙe. Ya ce bai ji kunyar faɗuwa ba kamar yadda ya ji kunyar nauyinsa. Likitan soja ya auna cikinsa da igiyar tela, ya ɗebi jini, ya ce sukari ne da hawan jini, kuma ba zai sake ganin Mora ba sai tumbin ya sauka.

Gwadabe ya yi dariya har tsinken ya faɗi. Ya shafa nasa tumbin ya ce wannan ai shaidar rufin asiri ce, wa zai sayi soya a hannun ramamme? Amma Kaltuma ba ta yi dariya ba. Ta ji Ajudan yana lissafa yadda abin ya fara masa: ƙishirwar da ba ta ƙarewa, yawan zagayawa, gyangyaɗi da rana, ƙaramin ciwo a ƙafa da ya ƙi warkewa. Idonta ya sauka a kan ɗan yatsan Gwadabe na ƙafa, wanda ta ɗaure da tsumma tun kafin azumi. Sau nawa ta ce masa asibiti, yana ce mata asibiti na marasa lafiya ne.

Da Ajudan ya miƙe, ta bi shi har bakin lungu da kwanon a hannu. Ta ce za ta dafa masa yadda likita ke so, ganye da kifi, ba mai sai ɗan abin da zai hana tukunya kuka. Amma da sharaɗi: duk inda yake zuwa da asuba da takalman nan nasa, ya tafi da Gwadabe.

"Ba zai yarda ba," in ji shi.

"Ni ce ba ya jin maganata. Kai soja ne."

Washegari ana sallame sallar asuba aka buga ƙyauren kwanon gidan da tafin hannu. "Gwadabe, debout! Tashi, tudu na jira."

Ranar farko ko rabin tudun Tsinga ba su kai ba, Gwadabe ya zauna a bakin kwata ya rantse ba zai ƙara ba. Ya ƙara. Masu moto, 'yan acaɓa, suka sa musu suna tankokin ruwa, suna yi musu oda in sun wuce. Ajudan ba ya gudu, likita ya hana shi, tafiya ce kawai irin ta soja, hannu na lilo, yana ƙirga wa Gwadabe taku da Faransanci, Gwadabe na zaginsa da Hausa. A hanyar dawowa wata rana Ajudan ya karkata da shi wani ƙaramin asibiti, aka tsira masa allura a yatsa. Gwadabe ya shigo gida da ƙwayoyi a aljihu, Kaltuma ta gani. Ta dai rage sukarin shayi.

Damina ta shiga, lungun ya zama jan taɓo. Ɗamarar sojan Ajudan ta fara yi masa yawa. Duk sanda ta saki, sai ya zo wurin gashin soya ya sa ƙusa a garwashi, in ta yi ja ya huda sabon rami, ya ɗaga wa jama'a su gani kamar an ƙara masa girma. Tsumman ƙafar Gwadabe ya fita. Matan unguwa kuwa suka fara tambayar Kaltuma a bakin famfo ko kasuwa ce ta juya wa maigidan baya, don sun ga wuyansa ya fito. Wata ta ce ita dai ba ta taɓa ganin inda aka yi wa maƙwabci alheri da miyar da ba ta da idon mai ba. Ajudan da ya ji, cewa ya yi a gaya musu masu ɗaukar makara yake rage wa aiki, ga lungun nan da santsi.

Wata safiyar Laraba kwanon ɗumame yana kan murhu, Ajudan da Gwadabe ba su dawo ba. Rana ta fito, ta hau rufin masallaci. Sai ga Gwadabe shi kaɗai, ba hula, jan taɓo har gwiwa. Ya tsaya a tsakar gida yana duban randa.

Ya ce sun kai ƙarshen tudun, inda ake hango garin duka. Ajudan ya ce bari su ɗan zauna, shi da bai taɓa neman hutu ba. Ya zauna a kan dutse, ya jingina da kafaɗar Gwadabe, ya yi kalmar shahada a hankali kamar mai tuna wa kansa wani saƙo. Kafin taksi ta kai su asibiti rai ya yi halinsa.

Bayan azahar aka fito da shi. Mota ba ta shiga lungun, sai a kafaɗa za a hau da shi har titi, inda motar sojoji ke jira. Daga bayan labulen zaure Kaltuma ta ga Gwadabe ya kama gaban makarar. Mutane na karɓar juna, kowa na neman ladansa, an taɓa masa kafaɗa ya fi a ƙirga bai saki ba. Mutumin da a da sai ya huta kafin ya kai bakin titi da tiren nama, shi ne ya hau da abokinsa har sama ba tare da ya tsaya ba.

Amma a zaman makoki magana ta juya. Mamadu, wan marigayin, mai sayar da yadi a kasuwar Mokolo, ya ce kwana ne ya ƙare, ba wanda ya musa, sai dai mutum da jikinsa da ƙibarsa a bi shi da ganye da hawan tudu, me ake jira? A cikin gida mata suka riƙa yin shiru in Kaltuma ta shigo. Da yamma Gwadabe ya ture kwanon ganye, ya ce ta zuba masa mai kamar na kowa. In mutuwa ce, gara ta same shi a ƙoshe a kan bencinsa. Da asuba ta ji ya dawo daga masallaci ya koma shimfiɗa. Takalmansa na nan a bakin ƙofa, taɓon ranar Laraba ya bushe a jikinsu.

Ranar sadakar uku wani kofur ya yi sallama a zaurensu, dogo, sunansa Alim. Ya ce yana cikin huɗun da suka ɗauki Ajudan a Mora, kuma Mamadu ya ce a cikin kayan marigayin a ba maƙwabci abin da yake so, shi kuwa ya san abin da ya kamata ya kawo. Ya ajiye ɗamarar a kan benci. Kaltuma na tsaye da kofin ruwa.

Gwadabe bai taɓa ta ba. Ya ce, "Duk wahalar nan don ya koma wurinku, ga shi bai koma ba."

Kofur ya dube shi da mamaki. Ya ce ai batun komawa ya mutu tun farkon damina. Likita ya sake duba shi ya ce sukarin ya sauka, amma zuciyar ta riga ta gaji tun shekarun baya, ritaya za a ba shi. Tafiya a hankali likita bai hana shi ba, ita ce ma ta riƙe shi. Shi Alim ya tambaye shi a waya, to Shef, kamar yadda suke kiransa, tunda ba Mora, me ya rage na tashin asuba?

"Sai ya ce mini, 'Ina da sabon kurtu a unguwa. Ya makara, amma bai makara kamar ni ba.'"

Kofur ya sha ruwa, ya yi addu'a, ya tafi. Gwadabe ya jawo ɗamarar, ya bi ramukan da babban yatsa, daga na kamfani masu santsi har zuwa na ƙusa masu baƙin ƙuna a baki. Da dare ya ci abin da ta ajiye masa, bai ce a ƙara komai ba.

An yi yayyafi kafin asuba. Kaltuma ta idar da salla ta zauna a kan dardumarta tana sauraron lungu. Ba wanda ya buga ƙyaure. Ta ji maza na dawowa daga masallaci, ƙofofi na rufuwa ɗaya bayan ɗaya, tasu ba ta motsa ba. Da gari ya fara haske ta fito da tsintsiya. Ɗamarar ba ta kan ƙusar da ya rataye ta. A bakin ƙofa, inda takalman suke, sai ɓarɓashin busasshen taɓo, ga kuma sawu a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya nufi sama.

Ta share ɓarɓashin, ta hura wuta, ta ɗora ruwan ganye.