Mabuɗin da Ya Zaga Gari

Auta tana shan shayi a ɗan ɗakin da take kira ofis, ƙafa ɗaya kan kujera, sai ta ce bari ta leƙa asusunsu na kamfanin da ke juya murya zuwa rubutu. Layin farko da idonta ya sauka a kai cewa ya yi: "Ka gaya masa ba injin ba ne, famfon mai ne. In ya ƙi ji ya zo ya tura motarsa."

Ta ajiye kofin. Yayarta dai ungozoma ce, ba ta gyaran mota.

Ita Auta ce ta haɗa wa Yaya manhajar. Yaya ta gaji da rubutu bayan kowace mace ta fita daga ɗakin awo, hannu na ciwo, layi na jira. Yanzu danna waya kawai take yi ta yi magana: sunan matar, abin da ya kawo ta, maganin da aka ba ta. Muryar ta tafi kamfanin, rubutu ya dawo tsaf. Kamfanin kuwa ba ya sauraron kowa sai mai mabuɗi, wasu dogayen haruffa na sirri, kuma a ƙa'ida ɓoye su ake yi a wata na'ura daban mai tsaron ƙofa. Auta ta san haka sarai. Amma gwaji ne, waya ɗaya ce tak, don haka ta cusa mabuɗin a cikin manhajar kanta, ta ce gobe za ta gyara. Goben nan fa ta sha alkawari.

Ta gangara ƙasan shafin. Ga wani tela yana rantsuwa cewa ɗinki ya kusa. Ga wani dattijo yana lallashin wata, da kalaman da ko saurayi zai ji nauyin faɗa. Auta har ta fara dariya, sai dariyar ta yanke. Akwai shafi a manhajar da ta sa wa suna "Na Baya", wanda ke jawo duk rubutun da ke asusun. In tana ganin nasu, su ma suna ganin na Yaya. Matan da suka rufe ƙofa suka yi ƙasa da murya, duk suna nan a jere, kowace da sunanta.

Auta ta danna wajen soke mabuɗi. Kamfanin ya ce sai ta shigar da lambar da ya aika ta tes. Tes ɗin kuwa wayar mijin Yaya ya tafi, don da lambarsa aka buɗe asusun.

Ta kira shi, a kashe. Ta sake kira, kamar naci zai kunna waya. Ta kira Yaya, aka ce tana kan karɓar haihuwa. Ta zura kwamfuta a jaka, ta ja mayafi, ta fita da silifas ɗin wanka.

Mijin Yaya kayan gyaran mota yake sayarwa, kuma mutum ne da abu mai kyau ba ya kwana a hannunsa. In ka yaba hularsa, da ita za ka koma gida. Tun a cikin tasi Auta ta gano yadda aka yi: ya ga matarsa na magana waya na rubutawa, abin ya burge shi, ya tura wa kansa manhajar, daga nan kuma sai yadda hali ya yi. Tasin ta maƙale a cunkoso bayan wata tankar ruwa. Auta tana jijjiga ƙafa, tana duba asusun a waya, tana ganin sababbin layuka na shigowa daga bakin mutanen da ba ta taɓa gani ba.

Shagon a rufe. Maƙwabcinsa mai sayar da taya ya ce ya nufi gareji kai kaya. Ta tsallaka titi ba ta ko duba ba, wani mai babur ya rakata da zagi.

A garejin, bakaniken ya fito daga ƙarƙashin mota yana goge hannu da tsumma. Da ya ji ko ita wace ce, sai baki har kunne.

"Ke ce mai abin nan? Kai, Allah ya yi miki albarka! Ni da rubutu ba ma shiri, amma yanzu magana kawai nake yi in tura wa kwastoma."

"Wa ya ba ka?"

"Oga mana, mijin yayarki. Ni kuma na ba tela, na ba kawuna. Abin alheri ai ba a ɓoye shi." Ya ɗan matso. "Ashe har labarai kuke sakawa a ciki? Matata ba ta ajiye wayar nan in na koma gida. Ta ce wasu sunayen ma kamar ta san su."

Auta ta so ta shaƙe shi, amma da wane laifi? Mutumin kyauta aka ba shi ya gode.

"Ina yake yanzu?"

"Ya ce zai tsaya aski."

A shagon aski ta same shi, an lulluɓe shi da farin ƙyalle, rabin kai a aske, yana ba da labarin ƙwallo. Wayar tana can kan benci a jikin caja, ba a ko kunna ta ba.

"A'a, Injiniya! Yau ke ce a shagon maza? Ko miji kika zo zaɓa?"

"Babban Yaya, kunna wayarka."

"To ko gaisuwa babu? Ka ga yaran zamani fa," ya ce wa mai askin.

"Don Allah kunna. Mutum nawa ka tura wa manhajar Yaya?"

"Ina zan iya ƙirgawa? Talla nake yi miki kyauta, maimakon ki gode."

Ta faɗa masa a gaban kowa, don babu lokacin jan shi gefe. Ta ce duk wanda ke da manhajar yana iya karanta abin da matarsa ta faɗa a kan kowace mace da ta duba. Mai askin ya kashe injinsa. Mijin Yaya ya miƙa hannu daga ƙarƙashin ƙyallen ya ɗauko wayar.

Wayar ta ɗauki lokacinta kafin ta farka. Lambar farko ta riga ta mutu, sai da aka nemi wata. Auta ta durƙusa a ƙasa cikin gashin mutane, kwamfuta kan benci, ta shigar da lambar, ta soke mabuɗin. Ta ce ya buɗe "Na Baya" a tasa wayar. Shafin ya yi ta juyawa, sannan ya fito fari fat. Ta kwafe bayanan Yaya zuwa inda ita kaɗai ke shiga, ta goge su daga kamfanin, murya da rubutu. Sabon mabuɗi ba zai ƙara shiga wayar kowa ba. Zai zauna a na'urar tsaron ƙofa, wadda ba za ta buɗe wa kowa ba sai Yaya, aikin da bai fi na yini ɗaya ba.

"Shi ke nan an gyara ko?" in ji mijin Yaya, murya ƙasa-ƙasa.

"An rufe," ta ce.

Ta samu Yaya a ɗakin awo tana wanke hannu, idanu jawur don gajiya. Auta ta faɗi komai a tsaye, ba ta rage nata laifin ba, ba ta jingina shi ga mijin ba. Ta shirya wa faɗa. Da ma a yi mata faɗan, da ta ji sauƙi.

Yaya ta tsane hannunta a tawul, yatsa bayan yatsa.

"Tun yaushe?"

"Ya kwana biyu, Yaya."

"Kin san su wa suka karanta?"

"Ba yadda za a sani."

Yaya ta zauna, ta nuna mata kujerar da mata ke zama in sun zo awo. "Zauna nan. Zan kira su duka in gaya musu da bakina, kafin su ji a wani wuri. Ke kuma ba inda za ki."

Yaya ta ce da wata yarinya za ta fara, wadda ta fi tsaya mata a rai. Yarinyar ta sha wuya a haihuwar da ta gabata, har sai da aka yi mata aiki, likita ya ce jikinta na bukatar hutu. Ta zo a ɓoye aka ba ta maganin tazara, ta riƙe hannun Yaya ta roƙe ta kada gidan mijinta su ji.

Yaya ta buga mata, wayar ta yi ta ƙara. Auta tana addu'a a ɗauka, tana kuma addu'a kada a ɗauka. Ɗakin ƙarami ne, don haka da aka ɗauka ta ji komai.

"Ƙanwata, ni ce ungozoma. Akwai maganar da nake so in gaya miki, ki yi haƙuri, ki samu wuri ki zauna."

A can ɓangaren wani jariri yana kuka.

"Na sani, Anti," in ji muryar, a hankali, ba fushi a ciki. "Ina gidanmu tun jiya."