Ranar da Talatu Ta Yi Karatu a Coci

Shekara bakwai Jemima ke karanta Littafi Mai Tsarki a sujadar Hausa ta cocinsu. Ita ce kuma ta koya wa ƙawarta Talatu karatu, a rumfar manjan Talatu da ke Kasuwar Muda Lawal.

Sai ga Fasto ya sanar cewa Talatu ce za ta yi karatu Lahadi mai zuwa. Mata suka rangaɗa guɗa. Jemima ta tafa sau biyu ta naɗe hannu.

Da aka tashi Talatu ta ce, "Yaya, ki zauna mini a gaba. In ina ganinki ba zan ji tsoro ba."

"Ai kin zama malama, me za ki yi da ni?"

Ran Lahadi Jemima ta zauna can baya. Talatu ta fara da kyau, har daɗin muryarta ya ba Jemima haushi. A aya ta huɗu ta cije a kan wata kalma. Ta ɗago tana neman Jemima.

Jemima ta tashi ta taka har gaba, ta raɗa mata kalmar. Talatu ta ci gaba har ƙarshe.

Kishin bai gama sakin Jemima ba, amma da jama'a suka ce amin, ta ji bakinta ya ce, "Na gode, Yesu."