Kafaɗa Huɗu ga Likita Lahiri

Ƙofa ta shida ke nan da Gobardhan mai alewa ya ƙwanƙwasa tun hantsi, kuma a nan ma aka ce masa maigidan ya fita, alhali ga takalmansa nan a bakin ƙofa. Ya goge gumi da gefen mayafinsa ya ɗaga kai ya dubi rana. Ta kusa tsakiya.

Maƙwabcinsa ne ya rasu da asuba, Likita Bhupati Lahiri mai cire haƙori, wanda suka yi shekara ashirin da biyu bango ɗaya ya raba su a wannan lungu na Kalkata, a ƙasar Indiya. Gawa tana kwance a tsakar gida, babu kowa a kanta sai yayarsa Sarala, tsohuwar da mijinta ya mutu tun tana yarinya. Dole a kai shi bakin kogi a ƙone kafin rana ta faɗi, don gawar da ta kwana abin kunya ce da ba ya wankuwa. Kuma Likita ɗan gidan Brahmin ne, dangin limaman Hindu, sai Brahmin huɗu za su ɗauki makararsa, shi kuwa Gobardhan ba Brahmin ba ne. Mutum huɗu kacal, a lungun da Brahmin suka fi hankaki yawa.

Laifinsa kowa ya sani. Lokacin babban yaƙi ya bi sojoji ya haye teku zuwa Basra, ya ci abinci da kowa, ya sa hannu a bakin kowa. Da ya dawo dattawa suka ce sai ya aske kai ya sha haɗin tsarki mai kashin shanu kafin a sake zama da shi. Ya yi dariya ya ce cikinsa ya gama shan ƙazanta a ramukan yaƙi. Shi ke nan. Sun daina cin abincinsa, amma ba su daina zuwa ba idan haƙori ya hana su barci.

Gobardhan ya nufi gidan Panchanan, ɗan ƙanin Likita. Ya same shi a baranda yana tauna goron ganye da haƙoran roba, waɗanda baffan nasa ya yi masa da hannunsa. Panchanan ya ce shi ma zuciyarsa ta karye, amma yana da 'ya'ya mata uku da ba a aurar ba, wa zai nemi 'yar mutumin da ya ɗauki irin wannan gawa?

"To cire haƙoran mana, tunda hannunsa ya taɓa su," in ji Gobardhan.

"Kai, mai alewa, san matsayinka."

Daga nan Gobardhan ya hau jirgin titi, mai bin dogo a cikin gari, zuwa filin ƙwallo, inda Likita ya yi tashe tun yana saurayi, zamanin da suke karawa da sojojin Turawa ƙafa ba takalmi. Sau nawa ya ba Gobardhan wannan labari yana riƙe da muƙamuƙinsa, har mutum ya rasa wanda ya fi zafi, filaya ko labarin. A rumfar ƙungiyar ya tarar da wani magatakarda mai ƙamshin man gashi. Magatakardan ya duba wani tsohon hoto a bango, ya ce lallai ga shi nan na uku daga hagu, Allah sarki, amma yau akwai wasa da ƙarfe huɗu, yara ba za su gajiyar da kafaɗunsu ba. Ya miƙa masa sarƙar furanni wadda ta fara yaushi. Gobardhan ya karɓa, don bai san yadda ake jefa wa mai kwat abu a fuska ba, amma takaici ya kusa kashe shi a hanya.

Da ya dawo ya tarar da wani dogon tsoho mai farin gemu tsaye a waje. Mobarak ne, Musulmi, wanda ya yi aikin ɗaukar masu rauni tare da Likita a Basra. Labari ya kai masa a kasuwa. Bai shiga ba, ya san doka.

Gobardhan ya tsaya daga bakin ƙofa ya gaya wa Sarala komai, bai rage ba, ya ce yanzu daga shi sai Mobarak. Inuwar bango ta riga ta rufe rabin tsakar gida. Tsohuwar nan tun da aka haife ta ba ta taɓa shan ruwan da ba Brahmin ne ya ɗebo ba, ko abincin ƙanin nata daban take dafawa. Ta daɗe tana korar ƙuda daga fuskar mamacin.

"Idan kuka taɓa shi, ni ma ranar tawa babu mai ɗauka ta," ta ce.

"Haka ne, Yaya."

"Kai ma ba mai sake sayen alewarka a lungun nan."

"Na sani."

Ta gyara masa mayafi a ƙirji. "Ku shigo. Kada ku bari kansa ya bugi dokin ƙofa, dogo ne."

Suka ɗora shi a kan makarar gora. Gobardhan har ga ransa yana jin zunubi yake aikatawa, kuma haushin kansa ya kama shi da yake jin haka. Mutum biyu ba sa iya saɓa makara a kafaɗa. Mobarak ya ce a yaƙi ma biyu-biyu suke ɗauka, ya nuna masa yadda zai juya baya ya riƙe gorar a hannu, ƙasa-ƙasa daidai gwiwa, ya fara da ƙafar hagu.

Haka suka fito. Babu mai kiran sunan ubangiji a bayansu kamar yadda ake yi, sai muryar Gobardhan ita kaɗai. Mazan da aka ce sun fita duk suna baranda. Wani ya janye ƙafafunsa kada inuwar makara ta taɓa shi. Sarala ta raka su har bakin lungu, inda mata suke tsayawa, ta tsaya.

Sun miƙa kan hanyar kogi, gora tana cin tafin hannunsa, sai Gobardhan ya fara jin ƙarar ruwa a bayansa. Matan lungu ne suke watsa bokiti a ƙofar gidajensu, gida bayan gida, suna wanke inda suka taka.