Rabin Magani

Tabon da ya fito a tafin ƙafar Mama Nowethu bai wuce ƙwayar wake ba, amma likitoci suka ce kansar fata ce, kuma ta riga ta kai hanta. Ranar da aka sa ta cikin masu gwajin sabon magani a wani babban asibiti na Cape Town, 'yarta Lulama har rawa ta taka. Ƙwayoyi iri biyu aka ba Mama Nowethu, fara da ja. Ɗaya ta tare ciwon, ɗayar ta toshe inda zai sake ɓullowa. Sai tare suke aiki.

Wata Lahadi Lulama ta kai wa MamCirha, ƙawar mahaifiyarta ta coci, dafaffiyar masara da wake. Ita kansar hanji ke cinta. Ta nemi shiga gwajin, aka ce ƙarin nata ba irin wanda maganin ke kamawa ba ne. A kan talabijin, cikin ɗan farantin shayi, Lulama ta hango jajayen ƙwayoyin.

Ta koma gida, ta nufi wajen mahaifiyarta.

"Mama, wa ya ba MamCirha maganinki?"

"Rage murya, ba a tashar mota kike ba. Biyu suka ba ni, na riƙe ɗaya, na ba ta ɗaya."

"Burodi ne da za ki gutsura mata? Ita ba zai yi mata komai ba, ke kuma rabi ba zai riƙe ki ba!"

"Ji likita! Mota ɗaya ta kai mu, benci ɗaya muka zauna. Wani yaro sa'an jikana ya leƙa na'ura, ya ce ke shigo, ke tafi gida. Ta je gida ta yi me? Ta jira akwatin gawa?"

"Mama, mutuwa za ki yi."

"To je ki karɓo. Ki dubi idon matar da ta goya ki ranar da aka binne ubanki, ki ce ta ba ki."

Lulama ta tafi gidan MamCirha. Duk hanya tana cizon leɓe, ta rasa wa za ta huce a kansa: uwar, ko waɗanda suka sallami tsohuwa hannu wofi, ko Panado na ciwon kai ba su ba ta ba.

MamCirha ba ta bari ta gama magana ba. Ta juye ƙwayoyin a hankici, ta ƙulle.

"Kwanan nan har barci nake samu, 'yar nan," in ji ta. "Amma kai mata."

Da yamma Mama Nowethu ta haɗiye fara da ja tare, fuskarta na kallon bango. Ta ajiye kofin da ƙarfi har ruwa ya fantsama.

"Daga yau ke za ki riƙa zuwa gaishe da MamCirha," ta ce. "Ni ba ni da idon shiga gidanta."