Ɗaga Ki Ji

Ƙarfe tara da minti biyar kwamfutar ta sandare, ga shi sha ɗaya ake jirana a ofishin masu zanen gine-gine. Mu uku suka kira, mutum ɗaya za su ɗauka, kuma kowa sai ya buɗe zanensa ya jujjuya gidan a gabansu, ciki da waje. Ni nawa gidan ko ƙofa ya ƙi nunawa. Fankar cikinta sai huci take kamar mai asma, kibiya ta kafe a tsakiyar allo.

Baba ne ya sayo min ita. Mai walda ne, shekara talatin yana sayen ƙarfe, ƙa'idarsa kuma ɗaya ce: in da nauyi akwai kauri, in babu an cuce ka. Na rubuta masa a takarda, RAM, wato ma'ajiyar aikinta, giga goma sha shida, da firosesa, ƙwaƙwalwarta, mai ƙarfi, har layi biyu na ja a ƙasa. Bawan Allah ya shiga shago ya ɗaɗɗaga kwamfutoci shida, ya ɗauko wadda ta fi sagar masa da hannu. Giga huɗu ce.

Ranar da ya kawo ta bakinsa har kunne. "Auta, ɗaga ki ji!" Na ɗaga, na ce madalla. Wa zai dubi wannan fuskar ya ce an yi kuskure? Sati uku ina lallaɓa ta, ina cire bishiyoyi da tagogi daga zanen don ta samu ta numfasa. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ina zaune gaban allon Baba ya leƙo da makullin babur a hannu. "Ba ki shirya ba?"

"Ta tsaya, Baba."

"Wuta ce?"

"Ba wuta ba ce."

Bai ƙara tambaya ba. Na rungumi kwamfutar na hau bayansa, muka nufi wurin mai gyara. Haushinsa nake ji, ina kuma jin haushin kaina da nake jin haushinsa.

Tara da rabi ta gota muka isa. Mai gyara ya ture tarin caja gefe, ya kifa kwamfutar a tebur.

"In akwai gurbi, minti goma na ƙara mata RAM," ya ce.

Sukurori takwas ne, ina ƙirga su ina kallon agogon bango. Na bakwai ya ƙi fita. Baba ya karɓi sukudireba ya murɗe shi da kansa.

Mai gyara ya ɗaga murfin, ya haska da fitilar waya.

"Babu gurbi, 'yar'uwa. A liƙe take da dalma. Firosesar ma tsohon yayi ce, ko an ƙara ba za ta ja wannan zanen ba."

Baba ya sunkuya ya duba. Ko bai san komai a cikin kwamfuta ba, ya san abin da aka liƙa don kada ya ciru.

"To nauyin fa?" ya tambaya.

"Batir ne da gangar jiki, Baba."

Ya juyo gare ni. "Tun yaushe take miki haka?"

"Tun ranar farko."

Da ma faɗa ya yi, da ya fi min sauƙi. Goma saura minti biyar.

Mai gyara ya jawo tasa kwamfutar, wata siririya kamar faranti, ya soka filashin da na ajiye zanena a ciki. Gidan ya buɗe nan take, ya juya, har da tagogin da suka rage.

"Ara mata," in ji Baba.

"Ita ce shagon gaba ɗaya, kuma ban san ku ba."

Baba ya ajiye makullin babur a tebur, ya jawo benci ya zauna. "Ga babur, ga ni. Ba inda za ni sai ta dawo."

Mai gyara ya dube shi, ya dube ni, ya cire caja ya naɗe. Kafin in karɓi kwamfutar Baba ya riga ni. Ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya auna, ya miƙo min.

Ina bakin ƙofa ina tsayar da tasi na waiga. Baba ya zaro wata takarda daga aljihun gaba, ta yi laushi don ninki, ga layukana biyu a ƙasa. Ashe duk sati ukun tana jikinsa. Ya miƙa wa mai gyara.

"Ɗana, karanta min wannan. A hankali, yadda zan riƙe."