Rufin Tsakar Gida

Buta kawai Inna Saude ta sunkuya za ta ɗauka. Ba santsi, ba tuntuɓe. Aka ji ƙas, sai ga ta zaune a kan tayil tana kallon ɗanta Ladan kamar ita ce ta yi laifi.

Malam Datti maɗori, wanda aka ɗauko daga Kiru a kan acaɓa, ya shafa ƙugun sau biyu, ya janye hannunsa.

"Alhaji, wannan ba aikina ba ne. In na ja nan, can zai karye. Ku tafi asibiti."

Kowa a garin ya san Ladan da son uwa, shi ma kuma yana son a sani. Tun da ruwan madatsar Tiga ya cinye garinsu na asali aka dawo da su gefen Bebeji, Inna Saude ba ta san inuwa ba. Ita ce shanyar kifi, ita ce tsinkar tumatir a fadama. Da Allah ya buɗa wa Ladan a harkar hatsi, sai ya rantse rana ta gama dukan uwarsa. Ya rufe tsakar gidan kaf da kwano, ya shimfiɗa tayil, ya rataya fanka. Har kallo ake zuwa yi. In ta ja tabarma ƙofar gida da hantsi, sai ga shi a bayanta.

"Haba Inna! So kike a ce na bar ki a rana?"

Sai ta naɗe tabarmarta ta koma ciki. Shekara bakwai ana haka. Da ta fara kukan ciwon baya, ta fara ranƙwafawa, ya ce tsufa ne, ya sayo mata man zafi mai tsada.

A asibiti a Kano, Likita Ramla ta ɗaga hoton ƙashin ta nuna masa.

"Ka ga yadda ya yi huhu, kamar karan da gara ta ci? Tana fita rana kuwa?"

"Allah ya kiyaye," in ji Ladan, har da ɗan gyara zama. "Ko ɗigonta ba ya taɓa ta."

Likitar ta ajiye biro ta dube shi.

"Alhaji, in rana ta taɓa fata, jiki na yin wani sinadari, bitamin D. Shi ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci, wato abin da ke gina ƙashi. In ya yi ƙaranci, akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu a wuya, faratayirod, su ke gadin kalsiyam na jini. Da sun ga ya ragu sai su aika a ɗebo daga ƙashi. Kullum ɗiba, babu mayarwa. Shekaru ma da nasu, ba na ce rana kaɗai ba ce. Amma gwajinta ya nuna bitamin ɗin ya kusa ƙarewa."

"Za ta sake tafiya?"

"Za mu yi mata aiki, mu ba ta magani. Sauran sai yadda ƙashin ya karɓa."

Ladan ya fito ya tsaya a baranda, kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Da wani ne ya yi wa Inna haka, da tuni ya ci kwalarsa.

Washegarin da aka sallamo ta, bai kira kafinta ba. Da kansa ya hau tsani da guduma, ya ɓanɓare kwano biyu daga tsakiyar rufin. Maƙwabta suka leƙo, wasu na cewa ko Alhaji ya taɓu. Hantsi ya faɗo a kan tayil, faɗin tabarma ɗaya.

Ya shiga ɗaki ya ɗauko ta. Mutumin da ya saba cicciɓar buhun masara, sai ya ji kamar zani ya ɗauka. Ya zaunar da ita a cikin hasken, ya naɗe mata hannun riga. Ta lumshe ido, ta juya tafukanta sama.

Ya durƙusa, ya buɗe baki zai nemi gafara. Sai ta ɗaga kai ta ga ɓarakar da ke sama, fuskarta ta canza.

"Ladan, ka yafe mini," ta ce a hankali. "Ga shi na sa ka ɓata rufinka mai kyau."